Daga Sturbridge Zuwa Provincetown: Kilomita 300 Bisa Keke Domin Kokowa Da Ciwon Daji

A can arewa maso gabashin ƙasar Amurka, bakin tekun Atlantika, akwai wata ƙaramar jaha da ake kira Masacusets, wadda babban birninta shi ne Boston. Faɗinta bai kai na jahar Maradi ba, amma mazaunanta sun kai miliyan bakwai. Wanda ya dubi taswirarta zai ga cewa daga kudu maso gabas ƙasar ta miƙa wani dogon ziri cikin teku, ya lanƙwashe kamar hannun ɗan kokowa yana nuna ƙwanji. Wannan ziri shi ne Cape Cod, kuma a daidai dunƙulen hannun ne garin Provincetown yake, inda kwalta ta ƙare, ba sauran kome a gaba sai ruwa.

Kowace shekara, a ranakun Asabar da Lahadi na farkon watan Agusta, dubban mutane kan hau kekuna su ratsa wannan jaha daga tuddan tsakiyarta har zuwa ƙarshen zirin. Ba tsere ake yi ba, don babu kofi ko tukuici ga wanda ya riga kowa isa. Sunan tafiyar Pan-Mass Challenge, PMC a taƙaice, kuma manufarta guda ce: tara kuɗi domin cibiyar Dana-Farber ta birnin Boston, wadda ke jinyar masu ciwon daji tare da binciken maganinsa. A shekarar 2024 mahaya fiye da 6,000 suka fito, suka tara dala miliyan 75. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwa mai tamma biyar ba: kimanin sefa miliyar 45 ke nan bisa canjin wannan shekara. A cikin shekarar ce kuma jimillar abin da aka tara tun farkon tafiyar ta haura dala miliyar guda.

Akwai hanyoyi da dama, dogaye da gajeru, da mahayi zai iya zaɓa. Wadda za a bi a nan ita ce ta kwana biyu, daga Sturbridge zuwa Provincetown, kamar yadda aka bi ta shekara da shekaru har zuwa 2024. Tsawonta kimanin kilomita 300 ne, wato ya zarce tsakanin Maradi da Damagaram.

Asalin tafiyar

Wanda ya kafa ta, Billy Starr, ba likita ba ne, ba kuma attajiri ba. Saurayi ne mai son wasannin motsa jiki, wanda mahaifiyarsa ta rasu a 1974 tana da shekara 49, sanadin sankarar fata da ake kira melanoma. A 1980 ya tara mutum 36, suka taso bisa kekuna daga birnin Springfield zuwa Provincetown, tafiyar kimanin kilomita 350. Shirin bai kammalu yadda ya kamata ba, wasu ma sun ɓace hanya, amma an isa, kuma an tara dala 10,200. Daga baya aka mai da mafarin tafiyar garin Sturbridge. Masu magana sun ce da yayyafi kogi kan cika, sai dai yayyafi bai cika kogi sai in akwai magudanar da ba ta yoyo. Wannan magudana ita ce abin da ya fi cancantar a duba a sha'anin PMC.

Alkawari kaya ne

Duk mai son shiga, sai ya biya kuɗin rajista daga aljihunsa, sannan ya ɗauki alkawarin tara wani adadi da aka ƙayyade. Ga doguwar hanya ta kwana biyu, adadin ya kai dala 6,000 a 2024, wato sefa miliyan uku da rabi da ƴan kai. Ba alkawarin fatar baki ba ne: mahayi kan ba da lambar katinsa na banki a matsayin jingina, in wa'adi ya cika bai tara ba, a cire cikon daga asusunsa. Saboda haka tun watannin sanyi, kafin ƙanƙara ta narke a kan hanyoyi, yakan soma rubuta wa dangi da abokan aiki da abokan ciniki takardu da saƙonnin intanet, yana bayyana masu dalilinsa: uwa ce ya rasa, ko ɗa ne ke kwance, ko shi kansa ne ya tashi daga jinya. Wannan ya ba da dala ashirin, wancan ya ba da ɗari, har a haɗa. Ta haka ne ɗaruruwan dubban masu gudummuwa kan sa hannu a kowace shekara, mafi yawansu ba su taɓa hawa keken tafiyar ba.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko nauyi, kuma a kan masu shiryawa yake. Tun daga 2007, kowace dala da mahayi ya tara tana isa Dana-Farber cif, ba a yanke kome a cikinta. Albashin ma'aikatan ƙungiyar, da abinci, da motoci, da rumfuna, duka ana biyan su ne daga kuɗin rajista, da cinikin riguna, da tallafin kamfanoni masu ɗaukar nauyi, waɗanda wasunsu kan ba da kuɗi, wasu kuma kaya. Sauran aikin ƴan sa-kai ne, fiye da mutum 3,000: masu dafuwa, masu gyaran keke, likitoci da masu jinya, direbobi, masu lodin jakunkuna. Ɗan kasuwa ya san cewa abokin hulɗa ba ya dawowa sai inda lissafi ya fita, ma'aikaci kuma ya san yawan shirye-shiryen agaji da kuɗin gudanarwa ya lashe rabinsu. Wanda ya ba da dala hamsin ga PMC ya san hamsin ɗin ce za ta isa, shi ya sa baɗi ma yake sake bayarwa.

Ranar farko: tuddai da tsofaffin masaƙu

Sturbridge ƙaramin gari ne mai mutane kusan dubu goma, kimanin kilomita 100 yamma da Boston. An san shi da wani ƙauyen tarihi da aka gina domin nuna yadda manoma da maƙeran yankin suka rayu a wajejen 1830. Har zuwa 2024, da ƙarfe biyar da rabi na asubar Asabar aka riƙa tashi daga nan. Kowa na sanye da hular kwano da rigar tafiyar ta wannan shekara, launi guda, har mai kallo daga nesa ya zaci wani kogi ne ya ɓalle kan kwalta. Da yawa sun rubuta sunaye a bayan rigunansu ko a ƙwaurinsu, wasu sun liƙa hotuna da ƙyallaye. Sunayen waɗanda suka rasu ne, da na waɗanda ke kwance.

Sa'o'in farko su ne mafi wuya ga ƙafa, domin ƙasar tsakiyar jahar hawa da gangara ce, cikin dazuzzuka masu duhu da ƴan tafkuna. A gefen hanya ana ganin dogayen shingayen duwatsu da manoman da suka jera yayin da suke share gonakinsu. Gonakin sun koma daji, shingayen na nan. Daga nan sai a gangara kwarin kogin Blackstone, inda masana'antun Amurka suka fara kafuwa a ƙarshen ƙarni na 18. A Whitinsville, zangon shan ruwa na farko, manyan gine-ginen jan bulo na tsohon kamfanin ƙera injunan saƙa na nan tsaye, ko da yake injunan sun daɗe da yin shiru. Zango na gaba garin Franklin ne, wanda ya ɗauki sunan Benjamin Franklin. Mutanen garin sun roƙe shi ƙararrawa, shi kuwa ya aiko masu da littattafai, waɗanda aka soma ba jama'a aronsu kyauta a 1790.

Jim kaɗan bayan Franklin, a garin Wrentham, akwai wani ɗan titi mai suna Cherry Street da duk mahayi ke ambato. Mazaunansa kan ƙawata itatuwa da ƙyallaye, su fito tun da safe da ganguna da algaitar mutanen Sikotlan, yara na miƙa ruwa, tsofaffi na zaune bisa kujeru a bakin ƙofa. Abin da aka fi ji tsawon hanya, daga wannan titi har bakin teku, kalmar godiya ce. Mutum zai tsaya shi kaɗai a gaban gidansa riƙe da kwali da ya rubuta shekarun da ya samu bayan jinya.

Ana cin abincin rana a wata makaranta da ke tsakanin Dighton da Rehoboth. Daga nan ƙasa ta miƙe, amma zafi da gumi na watan Agusta su karɓi aikin da tuddai suka bari.

Yaron da aka kira Jimmy

Kafin a shiga zangon Lakeville, surutun mahaya kan ragu. A gefen kwalta an kafa alluna a jere, kowane ɗauke da hoton yaro ko yarinya da ke jinya a Dana-Farber. Ƙungiyoyin mahaya da yawa an haɗa kowace da yaro guda da take hawa dominsa, kuma waɗanda jikinsu ya yarda kan zo zangon tare da iyayensu, su gana da mahayansu ƙarƙashin rumfa. A nan ne mai gudummuwa ke ganin fuskar wanda ya tara wa kuɗi.

Da yara ne ma tarihin cibiyar ya fara. A 1947, likita Sidney Farber yana aiki a asibitin yara na Boston, a zamanin da sankarar jini kan kashe yaro cikin ƴan watanni, ba abin da likita ke iya yi sai ƙarin jini da lallashin iyaye. Farber ya lura cewa ƙwayoyin cutar na buƙatar sinadarin folik domin su hayayyafa, sai ya yi tunanin ba su wani abu mai kama da shi da zai toshe masu hanya. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Indiya, Yellapragada Subbarow, ya samar masa da maganin, mai suna aminopterin. A 1948 Farber ya bayyana sakamakon: cikin yara 16, cutar ta lafa a jikin 10. Lafawar ta ɗan lokaci ce, cutar ta dawo, amma an tabbatar da cewa magani na iya tunkarar ciwon daji.

Bincike kuwa sai da kuɗi. A watan Mayu na 1948, wani shirin rediyo da ake saurare a duk faɗin Amurka ya kai makirfo bakin gadon wani yaro ɗan shekara 12, majinyacin Farber. An sakaya sunansa, aka kira shi Jimmy. Ƴan wasan besbol na ƙungiyar Boston Braves, waɗanda yake ƙauna, suka shigo ɗakinsa ana ji kai tsaye. Jama'a suka yi ta aiko da kuɗi har aka tara fiye da dala 200,000, kuma daga nan aka sami Asusun Jimmy, wanda ta cikinsa ne kuɗin PMC ke bi zuwa cibiyar. Shekaru hamsin mutane na zaton yaron ya rasu. Sai a 1998 ya bayyana: sunansa Einar Gustafson, mutumin jahar Maine, direban babbar mota, har da jikoki. Ya rasu a 2001, ba kuma ciwon daji ne ajalinsa ba. A yau, a ƙasashe masu hali, kusan yara tara cikin goma masu irin sankarar jinin da Farber ya fara gwada wa magani suna tsira.

Kwana a bakin mashigi

Bayan Lakeville hanya na ratsa fadamun kiranberi, wasu jajayen ƴaƴan itace masu tsami irin na yakuwa, waɗanda yankin ya shahara da nomansu. Iska ta fara kawo ƙanshin gishiri. Bayan kimanin kilomita 175, ana sauka a makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa da ke Bourne. Nan ake kwana: wasu a ɗakunan ɗalibai, wasu a tantuna bisa ciyawa. Jakar kowa ta riga shi isa cikin manyan motoci. Akwai masu tausa, akwai likitoci, akwai abinci ƙarƙashin wata ƙatuwar rumfa.

Da yamma akan kira wani rukuni na musamman domin ɗaukar hoto: mahaya da ƴan sa-kai waɗanda su kansu sun yi ciwon daji, ko suna cikin jinyarsa. Ana kiran su rayayyun shaidu, kuma yawansu a tafiyar ya haura dubu. Cikin sanannun mutanen da suka sha hawa wannan hanya akwai John Kerry, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, wanda aka yi wa aikin sankarar mafitsara ta maza a 2003. Amma a kan keke ba a bambanta sanata da malamin makaranta; tudu ɗaya suke hawa, layi ɗaya suke bi wurin karɓar abinci.

Ranar biyu: gada, rairayi da iska

Tun kafin gari ya waye ake tashi ranar Lahadi. Aikin farko shi ne haye gadar Bourne, wadda aka buɗe a 1935 bisa mashigin da aka haƙa a 1914 domin jiragen ruwa su huta da zagaye zirin mai yawan haɗari. Gadar ta ɗaga sama da ruwa kimanin mita 40. Daga ƙwanƙolinta, wanda ya waiwaya zai ga fitilun kekuna a jere cikin duhu, wanda ya dubi gabas kuma ya ga alfijir na ketowa. Sai a gangara, a bi gefen mashigin zuwa Sandwich, gari mafi tsufa a Cape Cod, wanda Turawan Ingila suka kafa a 1637. Kafin zuwansu ƙasar ta ƙabilar Wampanoag ce, kuma zuriyarsu na nan a yankin. Sunan zirin kansa wani matuƙin jirgi ɗan Ingila, Bartholomew Gosnold, ya raɗa shi a 1602, saboda yawan kifin kod da ya tarar a ruwansa.

Tafiyar wannan rana kimanin kilomita 125 ce, kusan tsakanin Ƙonni da Tawa. Ana bi ta Barnstable da Brewster, garuruwan tsofaffin matuƙan jirage, masu gidajen katako da iskar teku ta mai da su toka-toka. Wani sashe na hanyar tsohon layin dogo ne da aka cire ƙarafunansa aka shimfiɗa kwalta domin kekuna. A Wellfleet ake fitowa bisa gaɓa mai tsawo, teku na bugun rairayi a ƙasa. Kusa da nan ne Marconi ya kafa tasharsa, inda a 1903 aka aika saƙon shugaba Theodore Roosevelt zuwa ga sarkin Ingila ba tare da waya ba. Mafi yawan wannan gaɓa gandun gwamnati ne tun 1961, zamanin shugaba Kennedy, shi ya sa ba a cika ta da gine-gine ba.

Kilomitocin ƙarshe, daga Truro, su ne gwajin haƙuri. Zirin ya tsuke, itatuwa sun gajarce, tuddan rairayi sun bayyana hagu da dama kamar an yanko wani yanki na Tenere an ajiye tsakiyar ruwa. Iska kan taso daga gaba, ƙafafu sun mutu, mazauni ya yi tsami. Daga nesa ake hango hasumiyar dutse ta Provincetown, mai tsawon mita 77, wadda aka kammala a 1910 domin tunawa da jirgin Mayflower da ya fara jefa anga a wannan gaɓa a 1620. Mahayi kan gan ta tun da sauran tafiya, ya yi ta tuƙi tana kamar ba ta matsowa.

Inda kuɗin ke zuwa

PMC ita ce mafi girman mai ba Dana-Farber gudummuwa, kuma daga gare ta ne fiye da rabin kuɗin shiga na Asusun Jimmy ke fitowa a shekara. Mahayi na da damar ya ce a kai abin da ya tara ga wani sashe ko wani likita, abin da ba a ƙayyade ba kuma cibiyar ta sa shi inda ta ga buƙata. Amfanin irin wannan kuɗi shi ne yana shiga inda na gwamnati ke jinkirin shiga: sabon tunanin da bai riga ya nuna sakamako ba, matashin mai bincike da bai yi suna ba, ciwon da masu shi ba su da yawa har kamfanonin magani su damu da shi.

Cutar da ta kashe mahaifiyar Billy Starr misali ce ta abin da bincike ke iya canzawa. A zamaninta, melanoma in ta bazu a jiki, kusan babu makawa. A wajejen shekarar 2000, wani mai bincike na Dana-Farber, Gordon Freeman, yana cikin waɗanda suka gano yadda ƙwayoyin ciwon daji ke taka wa garkuwar jiki birki don kada ta far masu. A 2010 wani likitan cibiyar, Stephen Hodi, ya jagoranci gwajin da ya nuna a karon farko cewa maganin da ke sakin irin wannan birki na tsawaita ran masu melanoma da ta bazu. Daga 2011 zuwa 2014 aka amince da magungunan farko na wannan fanni, kuma a yau akwai majinyata da yawa da suka shekara goma da rai bayansu.

Duk da haka, ba a rasa abin dubawa ba. Kuɗin na zuwa ne ga cibiya guda, a ɗaya daga cikin biranen da suka fi kowane yawan asibitoci a duniya, kuma sababbin magungunan na da tsadar da ta fi ƙarfin mafi yawan bil Adama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji na warkewa, alhali a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai 30 ba. Ilimin da aka samo a Boston na kowa ne, amma hanyar da zai bi ya isa gadon kowane majinyaci ta fi ta Provincetown nisa.

Ƙarshen kwalta

Provincetown garin masunta ne, da yawansu ƴan asalin ƙasar Fotugal, wanda daga baya ya zama matattarar masu zane da ƴan yawon buɗe ido. Mazaunansa na dindindin ba su kai dubu huɗu ba. A nan mahaya ke sauka, a loda kekuna cikin manyan motoci, su kuma da yawansu su shiga jirgin ruwa ya tsallaka da su zuwa Boston, ya yanke cikin ƴan sa'o'i abin da suka zagaye da ƙafafunsu.

Sai dai saukar keke ba ita ce rufe littafi ba. Ana ci gaba da karɓar gudummuwa har zuwa farkon Oktoba, sannan a watan Nuwamba a miƙa wa cibiyar cek guda a bainar jama'a, a faɗi adadinsa. Ko a 2020, da annobar korona ta hana taruwa, kowa ya hau kekensa a inda yake, aka tara dala miliyan 50. A 2021 aka sami miliyan 64, a 2022 miliyan 69, a 2023 miliyan 72. Da shigowar watan Janairu kuma, tun ƙanƙara na rufe da hanyoyin jahar, sai a sake buɗe rajista.